Kemis, ɗori, ƙaho ko gashin ƙashi: awon hanyoyi ga mai ciwon ɓarin kai bayan buguwar wuya

Shekara huɗu ke nan da babur ya kayar da ni a hanyar dawowa daga kasuwar Wudil, wata Juma'a da yamma, da buhun dusa ɗaure a baya. Ban karye ba, ko jini ban fitar ba. Na tashi na karkaɗe riga, mutane suka ce Allah ya kiyaye gaba, na hau na ƙarasa gida. Sai da gari ya waye na ga wuyana ya ƙi juyawa. Bayan 'yan makonni ya ɗan saki, amma ya bar mini baƙon da har yau bai yi sallama ba: ciwon ɓarin kai, wanda likitoci ke kira maigiren.

Duk wanda ya zo dubiya da tasa shawarar. Kawu ya ce mai ɗori, Inna ta ce ƙaho, abokan majalisa suka ce haɗin kemis. Na bi su duka, ba bisa tsari ba, na kashe kuɗin da ya isa sayen tunkiya da 'ya'yanta. Wanda yake tsaye yau a mararrabar da na tsaya, shi nake rubuta wa wannan.

Ciwo biyu ne a riga ɗaya

Ƙasusuwan wuya guda 7 ne, suna ɗauke da kai mai nauyin kilo 5 ko kusa da haka. Idan kai ya fizgu gaba da baya da ƙarfi, nama da jijiyoyi da ƙananan gaɓoɓin wuya suna yin targaɗe ko da ƙashi bai tsage ba. Jijiyoyi uku na can saman wuya suna haɗuwa da babbar jijiyar da ke kawo saƙon zafi daga fuska da goshi, wuri ɗaya suke sauke kayansu. Shi ya sa ciwon da ya tashi daga dokin wuya yake hawa ƙeya ya sauko bayan ido. Wannan shi ne na farko, kuma juya wuya ko ɗaukar kaya a ka ne ke tayar da shi.

Na biyu shi ne ɓarin kai na gaske. Yana sara kamar ana daka, yawanci gefe guda, da tashin zuciya ko amai, haske da hayaniya su zama abokan gaba. Idan ba a tare shi ba yakan ɗauki awa 4 har zuwa kwana 3. Wasu kafin ya fara sukan ga walƙiya ko zane-zane a ido. Mata sun fi maza fama da shi, kusan ninki uku. Buguwar wuya ko ta kai tana iya tayar da shi ga wanda ba shi da shi, ko ta ƙara wa mai shi yawa.

Na tsaya a kan wannan ne saboda kowace hanya da zan auna tana taɓa ɗaya ne fiye da ɗaya. Wanda bai raba su ba zai yi ta zuba wa gonar maƙwabci taki.

Inda babu zaɓi

Akwai alamun da ba a tsayawa awo a kansu. Hannu ko ƙafa su yi sanyi ko su rasa ƙarfi, cokali ya riƙa suɓucewa, tafiya ta koma tangaɗi, fitsari ya riƙa zuba ko ya ƙi fita: wannan laka ce ake zargi. Haka ciwon kan da ya sauko farat ɗaya irin wanda ba a taɓa ji ba, ko karkacewar baki, ko suma, ko amai ba ƙaƙƙautawa bayan buguwar kai. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya a lokacin zafi, sanƙarau ne har sai likita ya ce ba shi ba ne, mutanen Jigawa ba su manta da na 2023 ba. Mai juna biyu da ciwon kai da kumburin ƙafa ko fuska, a auna jininta a ranar. Duk waɗannan a nemi mota, asibiti kai tsaye.

Ma'aunin da na ɗauka

Abu huɗu ne. Kuɗi, amma kuɗin gaske: da na mota, da na ɗan rakiya, da ranar noma ko ta kasuwa da aka rasa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, sau da yawa kuɗin mota daga ƙauye zuwa Kano ko Dutse ya fi na katin asibiti. Ban sa adadin naira ba don farashi ba ya kwana inda ya wuni. Sai ɗorewa: sauƙin na awa shida ne ko na shekara? Sai sauƙin samu. Sai haɗari, wanda shi ne muka fi rainawa.

Kemis

A fuskar sauƙi babu na biyunsa. Ko bayan isha'i ka ƙwanƙwasa za a buɗe, har bashi a ba ka. Kuɗin kowace rana kaɗan ne. Kuma a faɗi gaskiya, farasitamol ko ibufurofen da aka sha da wuri, tun ciwo yana ƙofar gida, suna aiki, likita ma da su yake farawa.

Matsalar tana cikin lissafin da ba ma yi. Wata rana ƙanwata da ke aikin jinya ta zo gida ta tarar da ledar ƙwayoyi a ƙarƙashin matashina. Ta ce, "Yaya, kwana nawa a wata kake shan waɗannan?" Na ce ban ƙirga ba. Ta ce, "To ka ƙirga, don Allah." Ta ba ni gwangwani biyu: duk ranar da kai ya yi ciwo in jefa ƙwayar wake a ɗaya, duk ranar da na sha magani in jefa ƙwayar masara a ɗayan. Da wata ya cika, masara ta kusa cika kwanakin watan.

Ashe akwai ciwon kai na uku wanda maganin ciwon kai ne da kansa ke haifarwa. Ƙa'idar likitoci ita ce: wanda ke shan irin su farasitamol, asfirin ko ibufurofen kwana 15 ko fiye a wata, ko kuma tiramol, kodin da haɗaɗɗun ƙwayoyi kwana 10 ko fiye, har tsawon wata 3, yana cikin haɗarinsa. Kai ya saba, da maganin ya saki sai ciwo ya dawo, ka ƙara sha, haka za a yi ta zagaye. Mafita ita ce a daina, ciwon ya ƙaru na 'yan kwanaki ko mako biyu, sannan ya lafa. Ba daɗi, na ɗanɗana.

Sauran haɗarin a cikin jiki suke. Farasitamol kada babban mutum ya wuce giram 4 a wuni, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, fiye da haka hanta ce ke biya. Ibufurofen da dikulofenak suna cin ciki, suna tayar da gyambon ciki, suna ɗaga hawan jini, suna gajiyar da ƙoda, musamman ga manomin da ya wuni yana gumi bai sha ruwa ba. Mutanen yankin Haɗeja, inda ciwon ƙoda ya daɗe yana damun jama'a, ba sai an yi musu dogon bayani ba. Mafi muni shi ne "haɗi", ƙwayoyi kala-kala a ƙunshin takarda ba suna. Sau da yawa akwai masu cin ciki iri biyu a ciki, wani lokaci har da irin sha-ka-fashe mai kumbura fuska da tayar da ciwon suga.

Tiramol kuwa ba na ɓarin kai ba ne tun asali. Wanda NAFDAC ta amince da shi mai miligiram 50 ne da 100, da takardar likita. Masu 200 da 225 da ke yawo haramtattu ne, su NDLEA ke kamawa. Yana kama jiki, yana kawo farfaɗiya. Maganin tari mai kodin ma gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi da yin sa tun 2018. Na san samari da suka fara da ciwon wuya na gaskiya suka ƙare a inda ba a so.

Hukuncina: araha a rana, tsada a shekara. Ɗorewa babu. Yana da amfani ne kawai idan da gwangwanin ƙirga.

Mai ɗori da mai tausa

Ba na raina masu ɗori. Na ga hannun da suka gyara ya warke. Suna kusa, suna karɓar abin da ya sawwaƙa, suna kallonka a matsayin ɗan gida. Amma wuya ba hannu ba ne. Laka ta cikinsa ta bi, kuma jijiyoyin jini biyu da ke shayar da bayan ƙwaƙwalwa ta cikin ramukan ƙasusuwan wuyan suka ratsa. Murɗa wuya da ƙarfi don a ji "ƙas" yana iya yaga bangon ɗayansu, ya kawo shanyewar ɓarin jiki. Ba kullum yake faruwa ba, amma idan ya faru ba a mayar da shi. Idan kuma da tsagewar da ba a gani ba, fizga ɗaya ta isa ta kwantar da mutum har ƙarshen rayuwa. Wanda ya murɗa nawa, da kyakkyawar niyya ya yi, na yi kwana uku ina ganin jiri. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Tausa mai laushi a kafaɗa da dokin wuya, da man zafi ko tsumma da ruwan ɗumi, wannan daban ne. Tana sakin nama, sauƙinta na wuni ɗaya ko biyu, kusan kyauta ce, ba ta taɓa ɓarin kai.

Ƙaho

Ƙaho yana da gurbi a zukatanmu da ya wuce na magani kawai. Ya zo a hadisin Ibn Abbas cikin Bukhari cewa an yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ƙaho a ka saboda ciwon ɓarin kai yana cikin harami. Mutane da yawa suna jin wuyansu ya yi sakayau bayan an yi, ni ma na ji, na mako ɗaya ko biyu. Kuɗinsa bai kai na tafiya birni ba, wanzami kuma kowace unguwa akwai.

Haɗarinsa a aska yake. Binciken da aka yi a faɗin Najeriya a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, kuma ta jini take bi. Ka tafi da sabuwar reza taka, ka ga an tafasa ƙaho ko an buɗe sabon kofi a gabanka. Mai ƙarancin jini, mai juna biyu da mai shan maganin tsinka jini su haƙura. Addu'a da tofi kuwa ba sa karo da kowace hanya a nan. Abin da nake tsoro shi ne jiƙo da sassaƙen da ba a san awonsu ba, a haɗa su da ƙwayoyin kemis, duk ƙoda ɗaya ce za ta tace.

Gashi na asibiti

Wannan ita ce hanyar da na raina, ita ce kuma ta fi yi mini amfani a ɓangaren wuya. Na zaci injin ne zai gasa ni in warke. Na tarar injin ɗumi da na wuta ƙari ne kawai, ainihin aikin atisaye ne da likitan gashi zai koya maka: jan haɓa baya a hankali kai yana tsaye, juya wuya iyakar inda bai yi zafi ba, matse allon kafaɗu. Manufar ita ce a farfaɗo da ƙananan naman cikin wuya da suka yi lalaci tun ranar buguwa. Zai kuma tambaye ka yadda kake kwanciya, yadda kake sunkuyawa da fartanya, tsawon matashin kanka.

Tsadarsa a hanya take. Asibitin ƙashi na Dala, wanda ke aiki tun 1959, da asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano suna da sashen gashi, a Jigawa kuma akwai asibitin Rasheed Shekoni a Dutse da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu. Kafin ka yi nisa ka tambaya a babban asibitin yankinku ko suna da mai yi. Dabarar mutumin ƙauye ita ce ya faɗa wa likitan gashi gaskiya tun ranar farko: ba zan iya zuwa kowane mako ba. Sai ya koya maka abin da za ka yi a gida, ka ɗauki hotonsa a waya, ka koma bayan wata ɗaya ya duba.

Sakamako ba ya zuwa da wuri, makonni ne zuwa watanni, kuma ranar da ka bari wuya zai tuna maka. Amma shi kaɗai ne cikin hanyoyin nan wanda idan ka biya sau ɗaya ya zama naka. Haɗarinsa kaɗan ne muddin an fara duba ka an tabbatar ƙashi lafiya.

Abin wuyan nan na soso da ake ɗaurawa kuwa, na 'yan kwanakin farko ne, ko kuma idan likita ya ce a sa saboda karaya. Wanda ya mayar da shi sutura, wuyansa ƙara rauni yake yi.

Likita da maganin riga-kafi

Nan ne ake taɓa ɓarin kai daga tushe. Maganin iri biyu ne. Akwai na tarewa, kamar sumatiriftan, da ake sha da ciwon ya fara. Yana da tsada, da wuya ka same shi a kemis ɗin ƙauye, ba a bai wa mai ciwon zuciya ko wanda hawan jininsa bai daidaita ba, shi ma kada ya kai kwana 10 a wata. Akwai kuma na riga-kafi da ake sha kullum, ko kai yana ciwo ko ba ya yi, ga wanda wakensa ya kai 4 ko fiye a wata kuma ciwon yana hana shi aiki.

Abin mamaki, na riga-kafin tsofaffin magunguna ne masu araha. Amitiriftilin, ana farawa da kaɗan da dare, yana taimaka wa barci da ciwon wuya gaba ɗaya, sai dai yana busar da baki yana sa nauyin jiki da safe, a kula da hawa babur a makon farko. Furofaranolol yana dacewa da mai hawan jini, amma haram ne ga mai asma. Balfurowet yana nakasa ɗan tayi, macen da ke iya ɗaukar ciki ta guje shi. Shi ya sa ba a aron maganin wani, likita ne zai zaɓa ya rubuta.

Inda mutane ke faɗuwa shi ne haƙuri. Sai an yi wata 2 zuwa 3 kafin a yanke hukunci, kuma nasara a wurin likitoci ita ce kwanakin ciwo su ragu da rabi, ba su ɓace ba. Ni da farko na ji haushin wannan magana. Daga baya na lissafa abin da rabi yake nufi a lokacin shuka. Akwai sababbin allurai na wata-wata da aka fara amfani da su a Amurka a 2018, amma kuɗinsu ba na aljihunmu ba ne, ban sa su a awo ba.

A ɓangaren kuɗi, ka tambaya a asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarku game da rajistar taimakekeniyar lafiya, KSCHMA a Kano, JICHMA a Jigawa. Hoton ƙashi na yau da kullum ana samu a manyan asibitoci. Hoton MRI, wanda ke nuna laka da jijiyoyi, mai tsada ne, sai birni, kuma yawancin masu ɓarin kai ba sa bukatarsa sai in da alamun laka ko jijiya. Tiyata ma haka, ta mai karaya ce ko wanda wani abu ya danne wa laka, ba a yanka wuya don ɓarin kai.

| Hanya | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙin samu | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Kemis | Kaɗan kullum, mai yawa a shekara | Awoyi | Ƙofar gida | Ciki, ƙoda, hanta, sabo da ƙwaya |
| Murɗa wuya | Kaɗan | Babu tabbas | Kusa | Laka, shanyewar jiki |
| Tausa da ruwan ɗumi | Kusan kyauta | Wuni ɗaya ko biyu | A gida | Kaɗan |
| Ƙaho | Matsakaici | Kwanaki zuwa makonni | Kusa | Cutar jini ta aska |
| Gashi na asibiti | Kuɗin mota ne babba | Shekaru, in ana atisaye | Nesa | Kaɗan |
| Maganin riga-kafi | Ƙwayar da araha, ganin likita da tafiya | Muddin ana sha | Nesa da farko | Ya danganta da mai sha |

Wa ya dace da wanne

Idan wakenka bai wuce 3 a wata ba kuma wuya yana juyawa, kemis ya ishe ka, magani ɗaya mai suna, a sha da wuri. Ka haɗa da abin da ba ya cin kuɗi: ruwa kafin shiga gona, hula ko malfa a bazara, barci a kan lokaci, kada ka tsallake karin kumallo. Goro da shayi mai kauri a tsaya a kan awo ɗaya, yanke su farat ɗaya ma yana tayar da kai, shi ya sa kwanakin farko na azumi suke yi wa wasu nauyi. Wanda azumi ke kayarwa ya yi magana da likita da malami tun cikin Sha'aban.

Idan ciwon daga dokin wuya yake tasowa, tulu ko dami ko buhu ne ke kunna shi, gashi ne naka. Ga 'yan'uwa mata masu ɗebo ruwa da itace, gammo ba ya rage nauyi. A raba kayan gida biyu, ko a nemi kura ko amalanke, maigida kuma ya sa hannu a wannan.

Mai juna biyu ko mai neman haihuwa: farasitamol, ruwan ɗumi, gashi, sauran duk sai da izinin asibiti. Wadda take ganin walƙiya a ido kafin ciwo ta faɗa wa ma'aikaciyar jinya kafin a ba ta ƙwayar tazarar haihuwa, don mai haɗin sinadari biyu tana ƙara mata haɗarin shanyewar jiki, akwai wasu hanyoyin da suka dace da ita.

Dattijo mai hawan jini, suga ko gyambon ciki ya rabu da dikulofenak da haɗi gaba ɗaya, nasa na likita ne. Wanda jikinsa ya riga ya saba da tiramol kada ya yanke shi kaɗai a ɗaki, a asibiti ake rage shi a hankali.

Wanda kuma kuɗin tafiya ɗaya tak yake da shi, kada ya tafi yau. Ya yi wata ɗaya yana jefa wake da masara, ya tattara kwalayen duk abin da yake sha a leda, ya kama motar asuba a ranar aiki. Ya nuna wa likita adadin, ya tambaya ko ya cancanci riga-kafi, sannan ya roƙi takardar zuwa sashen gashi a ranar, kafin motar yamma ta tashi.